Kwalbar 2005 da ke hannuna: in buɗe ko in ƙara haƙuri?

Ishaya: Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai maganar da ta kwana biyu tana cin raina, kuma na san a nan akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar nesa ba kusa ba. Ina da wata kwalbar jar giyar inabi tun 2012. 'Yar Bordeaux ce ta ƙasar Faransa, daga yankin Haut-Médoc, girbin 2005, an rubuta matakin darajarta, Cru Bourgeois, a jikin takardarta. Maigidana na wurin aikina na farko ne ya ba ni, a makon da aka haifa mini 'yata ta fari. Da ya miƙo mini sai ya ce in adana, kada in yi gaggawa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce shekara nawa ba, ni ma ban tambaya ba. Bara Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu giyar shekararta ashirin. Jiya na ɗauko ta na haska da tocila, sai na ga ruwan ya bar wuya, ya gangaro kan kafaɗar kwalbar da kamar faɗin yatsa ɗaya. A gefen abin da aka naɗe bakin da shi kuma akwai wani ɗan sawu mai danƙo da ya bushe, kamar wani abu ya taɓa tsattsafowa. Niyyata da ita ce in bar ta sai yarinyar ta cika sha takwas, wato 2030. Tun da na ga sawun nan hankalina bai kwanta ba. Me kuka gani?

Luka: Allah ya jiƙansa. Amma ɗan'uwa kada ka kuskura ka taɓa ta yanzu. 2005 fa ka ce! Duk wanda ya san Bordeaux ya san shekarar nan tana cikin waɗanda ake ƙirgawa da yatsu, sahu ɗaya da 1982 da 1990 da 2000 da 2009 da 2010. Ruwan sama ya yi ƙaranci a shekarar, 'ya'yan inabin suka fito ƙanana masu kaurin fata, shi ya sa giyar ta zo da ɓauri sosai, kuma ɓaurin nan shi ke riƙe ta ta daɗe. Ga shi Médoc gidan Cabernet Sauvignon ne, inabin da giyarsa ke jure zama a kwalba sosai. Shekara biyar ba komai ba ce a wurinta. Mayar da ita inda ka ɗauko ta.

Baba Istifanus: Ishaya ɗana, sannu da rashi. Na yi shekara talatin da ɗaya ina buɗe wa mutane kwalabe a otal kafin in ajiye aiki, kuma abin da nake fara tambaya ba shekarar girbi ba ce. Kafin kowa ya ba ka shawara, faɗa mana inda kwalbar nan ta kwana duk tsawon shekarun nan. A tsaye ko a kwance? Ɗaki mai sanyi ko mai zafi? Ta yi tafiya? Faɗi gaskiya tsakaninka da Allah, ba mai ganin laifinka.

Ishaya: Baba, ba zan ɓoye muku ba. Shekara shida na farko a tsaye take a saman firji a kicin, don nan ne hannun yara ba ya kaiwa, kuma a lokacin ban san ana kwantarwa ba. Daga baya wani ya gaya mini, sai na naɗe ta da tsohuwar riga na sa ta a kwance a ƙasan durowar kaya. Mun tashi daga gida sau biyu a tsakani. A tashi na biyu ta wuni a bayan mota cikin rana, sai da dare na tuna da ita. Ɗakin da take ciki yanzu babu na'urar sanyaya wuri.

Baba Istifanus: To madalla da ka faɗa. Buɗe ta, kuma kada ka wuce wata ɗaya ko biyu.

Bari in gaya maka dalili. Giyar da ake so ta tsufa lafiya ana ajiye ta ne a wuri mai duhu, sanyinsa digiri 12 zuwa 14, da ɗan danshi a iska, kuma sanyin ba ya hawa ba ya sauka. Ana kwantar da ita don ruwan ya riƙa taɓa matoshin, kada ya bushe ya tsuke. Saman firji kuwa duk abin da ba a so ya taru a nan: zafin injin yana tasowa, ga girgiza dare da rana, ga haske, ga wutar girki. Shekara shida a wurin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Sawun da ka gani mai danƙo, ruwa ba ya tsami banza. Zafi ne ya kumbura giyar ta matsa ta gefen matoshi ta fito, ina kyautata zaton ranar motar nan ce. Kuma hanyar da ruwa ya bi ya fita, ita iska za ta bi ta shiga idan kwalbar ta huce.

Sai maganar inda ruwan ya tsaya. Masu gwanjon tsofaffin kwalabe da wannan suke auna lafiyar kwalbar Bordeaux tun kafin su ɗanɗana: cikin wuya, gindin wuya, saman kafaɗa, tsakiyar kafaɗa, ƙasan kafaɗa. Mai shekara ashirin da ta sami kulawa a gindin wuya ake sa ran ganinta, ko bakin kafaɗa. Taka ta ɗan wuce nan. Ba ta mutu ba, ina sa ran za ka sami abin sha a ciki. Amma ta kama gangara, kuma wanda ya kama gangara ba a ce masa ya jira shekara biyar.

Luka: Baba da girmanku, ina ganin kun yi saurin yanke mata hukunci. Jar giya ta ƙwarai ta fi yadda ake zato tauri. Ku tuna gasar ɗanɗanon da aka yi a Paris a 1976, inda giyar Kalifoniya ta kayar da manyan Faransa, Stag's Leap ta 1973 ta zo ta ɗaya a cikin jajaye. A lokacin an yi ta cewa ai na Amurka ba za su jure tsufa ba. Da aka maimaita da irin kwalaben bayan shekara talatin, a 2006, Ridge Monte Bello ta 1971, ita ma 'yar Kalifoniya, ce ta zo ta ɗaya, tana da shekara 35 a duniya. To mai 20 me ta gani?

Ni abin da ya sa nake jin tsoron gaggawa, ya taɓa faruwa da ni. Na sami Barolo, wata jar giyar Italiya, guda ɗaya tak, na kasa haƙuri na buɗe ta tana da shekara shida. Doka ma sai ta yi wata 38 kafin a fitar da ita kasuwa, ka ga ba ta daɗe da fitowa ba ke nan. Na kai baki na ji kamar an ɗaure mini harshe, ba abin da nake ji sai ɓauri da tsami. Daga baya na ɗanɗani irinta mai shekara goma sha biyar a wurin wani, na ji abin da na zubar. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Baba Istifanus: Luka, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Kwalaben da aka buɗe a 2006, a ɗakunan ajiya masu sanyi suka yi shekarunsu, ba wadda ta hau firji. Na biyu, kana auna ta da waɗanda ba sa'o'inta ba. A Bordeaux akwai jerin da aka yi a 1855 bisa umarnin Napoleon na Uku saboda baje kolin Paris, aka kasa manyan gidajen yin giya mataki biyar. A saman akwai Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion, sai Mouton da aka ɗaga ta shiga cikinsu a 1973. Irin waɗannan ne ke yin shekara arba'in ko hamsin. Cru Bourgeois tana ƙasa da jerin nan gaba ɗaya. Ba raini ba ne, na sha masu daɗi ƙwarai a cikinsu, amma yawancinsu an yi su ne don a sha tsakanin shekara biyar da goma sha biyar, kuma da yawa suna da inabin Merlot mai yawa a ciki, wanda ya fi saurin nuna. Shekara mai kyau kamar 2005 takan ƙara musu kwana. Ƙarin nan shi ne Ishaya ya riga ya ci.

Barolonka kuma da ka juye ta a wani mazubi ka ba ta awa uku ko huɗu ta sha iska, da ta ɗan saki jiki. Wadda aka buɗe da wuri tana da ɗan magani. Wadda ta wuce lokacinta ban san abin da ake yi mata ba, kuma na ga ɗaruruwa.

Rifkatu: Baba ya gama magana, bari in ɗan ƙara ta ɓangaren da na karanta, ko zai taimaka wa Yaya Ishaya ya gane abin da ke faruwa a cikin kwalbar.

Ɓaurin da Luka yake faɗa sinadarin tanin ne, daga fatar inabi da ƙwayarsa da gangar itacen da aka zuba giyar a ciki. Shi ne irin abin da kake ji ya kama maka dasashi idan ganyen shayi ya daɗe a ruwan zafi. Da tafiya ta yi nisa tanin yakan haɗu da sinadarin da ke ba giyar launi, su dunƙule, su yi nauyi, su kwanta a ƙasa. Lakar da ake gani a tsohuwar kwalba ke nan. Shi ya sa tsohuwar giya take laushi a baki, launinta kuma ya tashi daga ja mai duhu ya koma kalar jan bulo, musamman ta gefen kofi. Ƙamshin 'ya'yan itace yana ja da baya, wani ƙamshin na busasshen ganye da fata da ƙasa yana fitowa. Wannan shi ake jira.

Matsalar ita ce duk wannan aikin sinadarai ne, kuma zafi yana ƙara masa sauri. A ƙiyasin da muke amfani da shi, duk ƙarin digiri goma yakan kusan ninka saurin irin wannan aiki. Kwalbar da ta zauna a digiri 25 ko 30 ba shekararta ɗaya da wadda ta zauna a 13 ba, ko da rana ɗaya aka cika su. Kuma tsufan zafi ba ya kawo daɗin da tsufan sanyi ke kawowa, giyar takan yi kamar an dafa ta. Ga kuma sinadarin sulfa da masu yin giya ke sawa don kare ta daga iskar oksijin, shi ma yana ƙarewa a hankali. Idan ya ƙare, iskar da ta samu shiga ba mai tare ta. A takarda shekararta 20, a jikinta ta fi haka sosai.

Dauda: Me zai hana a leƙa ba tare da an buɗe ba? Akwai na'urar nan Coravin, mai siririyar allura da ke huda matoshi, ta tsiyayo kaɗan, ta cike gurbin da iskar argon. Sai a ɗanɗana. In da sauranta a bar ta, in ta fara tafiya a shanye. Na kuma ji ana sauya wa tsofaffin kwalabe matoshi.

Baba Istifanus: Na yi aiki da ita a shekaruna na ƙarshe, na'ura ce mai kyau. Amma dogaronta gaba ɗaya a kan matoshi ne, shi zai koma ya rufe ramin allurar da kansa. Matoshi ɓawon itace ne, galibi daga Fotugal, duk shekara tara ake ɓare bishiyar. Yana da rai irin nasa, yana tsufa. Wanda ya yi shekara shida a bushe har ya bar ruwa ya wuce, ba zan amince ya rufe rami ba, wani lokaci ma allurar tura shi ciki take yi. Sauya matoshi kuma gaskiya ne ana yi, kamfanin Penfolds na Ostireliya yana yi wa kwalabensa masu shekara 15 zuwa sama tun 1991. Amma nasu kaɗai suke yi wa, kuma sabon matoshi ba ya mayar da abin da ya riga ya tafi.

Talatu: Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri ban san harkar sosai ba. In ta lalace ya sha, ba za ta yi masa illa ba? Abu shekara ashirin a rufe, ga shi an ce iska ta shiga.

Rifkatu: A'a 'yar'uwa, ta wannan ɓangaren kada ki damu. Tsaminta da barasar da ke ciki, kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, ba sa barin ƙwayoyin cuta masu sa rashin lafiya su rayu. Lalatacciyar giyar inabi daɗi ne ba ta da shi. Ko ta yi salam ba ƙamshi, ko ta yi warin tuffar da aka yanka aka bari ta yi duhu, ko ta juye ta zama ruwan tsami mai yaji a hanci. Akwai kuma wata cutar ta matoshi da ake kira TCA, ita warin jiƙaƙƙen kwali take sawa, kuma tun ranar da aka cika kwalbar take ciki, ba ruwanta da ajiya. Hancinsa zai gaya masa tun kafin ya kai baki. Illar da za a kiyaye ita ce wadda aka sani ta barasa, sabuwa ko tsohuwa: mai ciki, mai tuƙi, mai shan maganin da bai jitu da ita ba, su bar ta.

Hannatu: Ni kam duk kun bi ta gefe ɗaya, ko a sha yanzu ko a sha an jima. Wa ya ce dole sai an sha? Mutumin nan ya rasu. Wannan ne abu na ƙarshe da hannunsa ya taɓa ya miƙa wa Ishaya. In ya buɗe, awa ɗaya an gama, sai kwalba fanko. In kuma aka tarar ta lalace, ya ƙara wa kansa baƙin ciki a banza. A garin Speyer na Jamus akwai kwalbar da aka tono a 1867 daga wani kabari na zamanin Rumawa, tun ƙarni na 4 take, tana nan a gidan tarihi da ruwanta a ciki, ba wanda ya buɗe. Darajarta a rufen take. Ni da ni ce, in ajiye ta har 'yata ta gada.

Ishaya: Hannatu kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Gaskiya ba giyar ce ta dame ni ba. Mutumin nan shi ya ɗauke ni aiki ban iya komai ba, ya koya mini, ranar da na yi kuskuren da ya isa a kore ni ya tsaya a gabana. Ina ganin kamar in na buɗe na sallame shi ke nan.

Anti Saratu: Ishaya ƙanena, tun ɗazu nake karantawa ban so in sa baki ba, amma wannan maganar taka ta sa dole in yi.

Ni da maigidana mun sayi giyar Sifaniya da ake kira Rioja Gran Reserva guda biyu, girbin 1994, lokacin da aurenmu ya cika shekara goma. Irin waɗannan sai sun yi shekara biyar tsakanin ganga da kwalba kafin a sake su, don haka suna da juriya, kuma mu mun sami wuri mai sanyi mun ajiye. Muka sha ɗaya a daren, muka ce ɗayar sai shekara ashirin da biyar. Da lokacin ya zo ɗanmu yana kwance a asibiti, ba wanda ya tuna da wata kwalba. Da ya warke na ce mu buɗe, maigidan ya ce ai an riga an wuce, mu bari sai talatin, ya fi armashi. A ta ashirin da takwas ya tafi.

Na yi shekara biyu ko durowar ba na iya buɗewa. Ranar da za mu cika talatin ɗin ƙanwata ta zo ta zauna da ni, ta ce Yaya ɗauko ta. Wallahi na so a ce ta lalace, da na ce to ba abin da ya rasa. Ba ta lalace ba. Ban taɓa shan abu mai daɗinta ba, laushi kamar me, ƙamshinta ya cika ɗakin. Na riƙe kofin ina kuka, don shi ne ya zaɓe ta da hannunsa kuma bai ɗanɗana ba.

Hannatu, ban ce ba ki da gaskiya ba, kowa da yadda yake riƙe nasa. Amma ta Speyer ba wanda ya ba wani ita kyauta ya ce ya more. Maigidan Ishaya masanin abin ne, ya san abin da ya ba shi na sha ne. Da ya ce kada ka yi gaggawa, shekara bakwai gare ta. Ka yi shekara goma sha uku kana riƙe da maganarsa. Ka cika.

Maganar yarinya kuma, ka yi tunani. Tsohuwar giya ba ta cika yi wa wanda bai saba ba daɗi, kuma ba ka san ma ko za ta so sha ba idan ta girma. Kada ka ɗora mata nauyin da ba ta nema ba. In marigayin yana da iyali da za su zauna da kai, su ka nema.

Hannatu: Anti, Allah ya jiƙan maigidanku. Ban da abin cewa bayan wannan. Ni dai har yanzu da tawa ce ba zan iya ba, amma na fahimta.

Bulus: Abin da Anti ta faɗa ya tuna mini, matsalar nan ta kowa ce har sai da wasu marubuta biyu na jaridar Wall Street Journal, Dorothy Gaiter da mijinta John Brecher, suka ware mata rana: Asabar ta ƙarshe a watan Fabrairu, kowa ya ɗauko kwalbar da yake ta ajiyewa don wata babbar rana, ya buɗe ta da mutanensa. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Ishaya: Na gode muku duka. Anti, na karanta naku sau uku. Na kira babban ɗan marigayin, zai zo ranar Asabar ta sama da matarsa. Baba, yanzu sai ku koya mini yadda zan buɗe kada in ɓata.

Baba Istifanus: Yawwa. Tun ranar Alhamis ka tsayar da ita a wuri mafi sanyi a gidan, kada kowa ya motsa ta, lakar ta gangara gindi. Ranar Asabar in ɗakin da ɗumi ka sa ta a firji minti ashirin zuwa talatin, a tsaye, a hankali. Digiri 16 zuwa 18 ake so. Ta fi haka ɗumi barasar ce za ta rufe komai.

Yanke abin da aka naɗe bakin gaba ɗaya don ka ga matoshin ta cikin gilashi. Goge bakin da ƙyalle mai ɗan laima, in ka ga fumfuna a sama kada ta tsorata ka. In za ka sami mabuɗin nan mai harsuna biyu da ake ce wa Ah-So, shi ya fi: dogon harshen za ka fara zurawa tsakanin matoshi da gilashi, sannan gajeren, kana lanƙwasawa dama da hagu har su shige, sai ka murɗa kana ja sama. In mai murɗaɗɗen ƙarfe kake da shi, ka tura shi har ƙarshe, ka ja a hankali kamar mai cire ƙaya. In ya karye ba komai, ka shiga ragowar a karkace. In ya faɗa ciki ka tace da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya ƙamshin sabulu.

Sai ka kunna kyandir ko tocila a ƙarƙashin wuyan kwalbar, ka tsiyaye ta cikin butar gilashi a zubi ɗaya ba tsayawa. Da ka ga baƙin abu ya iso wuya, tsaya. Abin da ya rage na kwalba ne. Kuma ka tanadi wata sabuwar kwalba a gefe saboda baƙinka, ko da ta ba ka kunya.

Luka: Tunda an yanke shawara, ni dai ka ba ta awa biyu a butar kafin su zo. 2005 ce, tana bukatar iska.

Baba Istifanus: A'a Luka, wannan kam ban yarda ba ko kaɗan. Wadda ka sani mai ƙarfi ce ake yi wa haka. Wannan iska ta riga ta sha ta ishe ta. Sai baƙi sun zauna, kofuna na kan tebur, sannan ka buɗe. Na taɓa ganin tsohuwar kwalba ta yi ƙamshi kamar a haɗiye kofin, kafin minti arba'in ta zama ba komai. Ka zuba kaɗan-kaɗan, ku bi ta tana canzawa.

Ishaya: Jama'a na dawo da labari. Jiya muka buɗe.

Ban sami mai harsuna biyun ba, da na gida na yi. Matoshin ya jiƙe har kusan sama, ya yi baƙi, kuma ya rabe biyu kamar yadda Baba ya ce. Hannuna na rawa, amma na ciro ragowar a karkace, ɗan gari kaɗan ne ya faɗa. Lakar ta fi yadda na zata yawa, ta manne a gefe ɗaya na kwalbar, gefen da ta kwanta a kai.

Launin ba ja sosai ba, tsakiyar kofin da ɗan duhu, gefen kuma kalar bulo har yana neman ruwan ƙasa. Shaƙar farko gabana ya faɗi, warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na tuna maganar Rifkatu na nemi warin jiƙaƙƙen kwali, ban ji shi ba. Muka ɗan jira muna hira. Bayan kamar minti goma warin ya tafi, sai ga ƙamshin busasshen ganye da tsohuwar jakar fata, da wani abu kamar ƙasa in an yi yayyafi. A baki ba ɓauri ko kaɗan, ta yi laushi, amma ba ta da jiki, tsamin ya ɗan fito, ɗanɗanon inabin saura ƙiris. Ba zan ce muku ita ce mafi daɗin da na taɓa sha ba. Rabin awa ta yi tana da rai. Kafin awa ta cika kofin ƙarshe ya yi salam.

Ɗan marigayin ya ɗauki kwalbar yana juyawa, sai ya ce ya gane ta. Ashe akwati guda mahaifinsa ya saya, goma sha biyu, ya riƙa ba yaransa na wurin aiki ɗaya-ɗaya in an yi musu haihuwa ko aure. Tasa ta ƙarshe kuwa tun 2016 ya shanye ta da abokansa. Mun kai sha ɗayan dare yana ba ni labaransa da ban taɓa ji ba.

Luka: To Alhamdu lillahi da aka same ta da rai. Baba kun yi gaskiya a kan awa biyun, da ya bi tawa da ba su tarar da komai ba. Amma har gobe ina cewa da a wuri mai sanyi ta zauna, da ta kai 2030 lafiya lau.

Baba Istifanus: Mai yiwuwa ne, Luka, ba na musu. Ishaya, rabin awan nan ita ce abin da ya rage mata, kuma kun same ta.

Ishaya: Baba tambaya ta ƙarshe. Ina so in ajiye kwalbar da rabi biyun matoshin, ɗan marigayin ya rubuta kwanan wata a bayan takardar. Yaya zan wanke lakar da ta manne a ciki ba tare da takardar ta jiƙe ba?

Baba Istifanus: Naɗe jikin kwalbar da leda ka ɗaure ta a wuya da roba. Zuba ruwan ɗumi ta mazurari, rabin kwalba, kada ya zama tafasasshe. Toshe da babban yatsa ka girgiza, ka zubar, ka maimaita sau uku ko huɗu. In ta ƙi fita ka bar ruwan ya kwana a ciki. Sai ka kife ta ta tsane kwana biyu kafin ka cire ledar. Matoshin kuma kada ka wanke shi, bar shi ya bushe a inuwa.